Kafin a rattaba hannu: me lauya zai duba a yarjejeniyar sayen gida?

Alhaji Ɗanlami: Assalamu alaikum jama'a. Ga magana na kawo, masu ilmin abin su warware mana. Mai saye ya ga gida, an yi ciniki, mai gida ya sallama, dillali ya fito da takardar yarjejeniya shafi biyu, irin wadda ake cike sunaye kawai. A wane mataki ya kamata lauya ya shigo? Da yawa suna ganin aikin lauya yana farawa ne lokacin canja suna a takardun mallaka, wannan ta farko kuwa rasit ce kawai.

Barista Hadiza: Wa alaikumus salam Alhaji. Wannan ta farkon ita ce ta fi haɗari. Kotu ba ruwanta da sunan da aka rubuta a saman takarda. Idan akwai sunan mai saye da mai sayarwa, an bayyana gidan, an faɗi kuɗi, an sa hannu, to a ƙasashe da dama ciniki ya ɗauru, ko da an rubuta rasit a kai. Tun dokar Ingila ta 1677 ake neman shaidar cinikin ƙasa a rubuce, kuma ƙasashen da suka gaji tsarin shari'arsu sun ɗauki wannan. Mutane suna jin haka sai su ɗauka kariya ce gare su, sun manta wuƙar baki biyu gare ta: ƙaramar takarda ma tana iya cika sharaɗin rubutun.

Bayan an sa hannu, lauya zai iya gaya maka abin da ka shiga ne kawai. Ba zai ƙara sharaɗi ko ɗaya ba sai mai sayarwa ya yarda, shi kuwa me zai sa ya yarda bayan kuɗi sun shiga hannunsa? Don haka tsarin shi ne a karɓi daftari a kai wa lauya, ya yi bincike, a gyara daftarin, sannan a sa hannu, sannan kuɗi su fita. Wanda ya juya wannan jeri shi ke zuwa daga baya yana neman a ƙwato masa kuɗi.

Alhaji Ɗanlami: To Barista, kafin lauyanki ya gama bincike wani ya zo da kuɗi a hannu ya ɗauke gidan fa? Gida mai kyau ba ya kwana.

Barista Hadiza: Akwai maganin wannan. A rubuta 'yar gajeriyar takarda daban wadda mai gida zai yi alkawarin ba zai sayar wa kowa ba na kwana 14 ko 21, a faɗa ƙarara a ciki cewa ba ciniki ba ne tukuna, kuma duk abin da aka ajiye za a mayar idan bincike ya nuna matsala. Mai gidan da ya ƙi ba da mako biyu a duba takardunsa ya riga ya gaya maka wani abu.

Barista Nura: Bari in ƙara a kan binciken kansa, don mutane suna jin kalmar ba su san me ke cikinta ba. Tambaya ta farko: wanda ke sayarwa, shi ne mai shi? Ba a amsa wannan da kwafin takardar da ya miƙo maka. Lauya zai ɗauki lambar fayil ko lambar rajista ya je ofishin rajistar filaye ya gwada abin da ke hannu da abin da ke cikin kundin hukuma: suna, lambar fili, girma, shekarar da aka bayar, saura shekara nawa in haya ce ta dogon zango. A nan ne ake ganin jingina, da umarnin kotu, da gargaɗin da wani ya shigar cewa yana da haƙƙi a wurin.

Sai dai rajistar iri biyu ce, kuma bambancin babba ne. Akwai tsarin da hukuma ke rajistar mallakar kanta, irin na Torrens da aka fara a Kudancin Ostareliya a 1858, inda sunan da ke kundi shi ne mai shi, in ban da 'yan keɓaɓɓun dalilai kamar zamba. Akwai kuma tsarin da ake rajistar takardu kawai, hukuma tana shaida cewa an kawo takardar amma ba ta lamunce maka ingancinta ba. A tsari na biyu dole lauya ya bi sarƙar mallaka baya, hannu zuwa hannu. A Ingila, ga filin da bai shiga rajista ba, shekara 15 ake komawa. A Najeriya shekara 30 ne a wasu jihohi, 40 a wasu. Idan aka tarar da gurbi ɗaya a sarƙar, misali wani ya sayar alhali babu takardar da ta nuna yadda shi ya samu, duk waɗanda suka biyo bayansa a kan rairayi suke tsaye. Mutum ba ya ba da abin da bai mallaka ba.

Safiyo Garba: Ranka ya daɗe, duk wannan a kan takarda ne. Takarda na iya zama mai kyau tsaf, amma ta wani fili ce daban. Lauya ba ya riƙe da na'urar awo. Mai saye ya ɗauki nasa safiyo, ba na mai sayarwa ba, a je wurin a ɗauki lambobin kusurwoyi huɗu, a nemo turakun simintin iyaka a karanta lambobin da ke jikinsu, a gwada da taswirar da ke maƙale da takardar mallaka. Daga nan a kai lambobin ofishin safiyo na gwamnati a ɗora su a kan babbar taswira, a ga ko wurin ya faɗa cikin hanyar da aka tsara, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, ko magudanar ruwa, ko filin da gwamnati ta riga ta karɓe.

Abin da na fi so lauyoyi su daina yarda da shi a yarjejeniya shi ne a rubuta fuloti ɗaya kawai. Fuloti ba ma'auni ba ne. Ƙafa 50 a 100 murabba'in mita 464 ne da ɗan ɗoriya, mita 15 a 30 kuwa 450 ne, kuma dukansu ana ce musu fuloti. A rubuta girman da murabba'in mita, a ambaci lambar taswira da ranarta, a maƙala ta a bayan yarjejeniyar kowa ya sa hannu a kanta. A kuma ƙara sharaɗi: in awo ya gaza da fiye da kashi 2 ko 3 cikin 100, a rage kuɗi daidai gwargwado, in ya gaza sosai mai saye na da damar fasawa.

Barista Nura: Gaskiyarka Safiyo. Zuwa wurin ma yana da wani amfani a shari'a. Duk wanda aka tarar a cikin gidan, ɗan haya ne ko ɗan'uwa ko mai gadi, a tambaye shi a wane matsayi yake zaune da kuma wa yake biya. A tsarin shari'a da yawa ana ɗaukar mai saye ya san duk haƙƙin da zai gano da ya tambaya. Ba za ka ce wa alƙali ban sani ba alhali mutumin yana zaune a tsakar gidan ranar da ka je dubawa.

Hajiya Rabi: Ni ta ɓangaren bashi zan shigo. Alama ta farko ta gidan da ke jingine ita ce mai shi ya ce asalin takardar ta ɓata, ko tana wurin yayansa, ga dai kwafi. Sau da yawa tana cikin ma'ajiyar banki ne. Kuma ba kowace jingina ke bayyana a rajista ba, don akwai wadda ake yi ta hanyar ajiye takardun kawai. Shi ya sa lauya zai dage sai ya ga asali da idonsa.

In an tabbatar akwai bashi, ba lallai a fasa ba. Hanyar ita ce bankin ya ba da wasiƙa mai ɗauke da ainihin abin da ya rage har zuwa wata rana takamaimiya, a biya wannan kason kai tsaye ga bankin daga cikin kuɗin gidan, bankin ya sa hannu a takardar sakin jingina ya miƙa asalin takardu ga lauyan mai saye, sauran canjin ne kawai ke zuwa wa mai gida. Kuskuren da ake yi shi ne a damƙa wa mai gida kuɗin duka a kan zai je ya fanso. In bai je ba, bashin yana nan a jikin gidan, gidan kuma yanzu naka ne.

Sannan wanda zai sayi gidan da rancen banki, kada ya sa hannu sai an rubuta cewa cinikin ya rataya ne a kan samun rancen, da adadinsa da ranar ƙarshe. In babu wannan layin, banki ya hana, shi ne ya saɓa alkawari, kafin alƙalaminsa kuma ya tafi.

Usman: Hajiya, a Faransa doka ce ma ta sa wannan sharaɗin rancen, kuma wa'adinsa ba ya gaza wata ɗaya. Mai sayen gidan zama kuma yana da kwana 10 bayan an miƙa masa yarjejeniyar farko da zai iya janyewa ba tare da ba da dalili ba, a mayar masa da kuɗinsa. Da kwana 7 ne, a 2015 aka ƙara. A Jamus kuwa cinikin ƙasa ba ya inganta sam sai a gaban notari, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardu, kuma sai ya karanta yarjejeniyar da baki a gaban ɓangarorin biyu. Tambayata ga lauyoyi: inda ake da notari irin haka, har da Nijar da sauran ƙasashen da suka bi tsarin Faransa, ina amfanin ɗaukar wani lauya kuma?

Barista Hadiza: Notari ɗan tsakiya ne, Malam Usman. Zai tabbatar takarda ta cika ƙa'ida, ya bayyana wa kowa ma'anar abin da ke ciki, ya kai rajista. Amma ba aikinsa ba ne ya ja wa ɗayanku ciniki. Ba zai ce maka wannan wa'adin ya yi maka kaɗan, nemi ƙari ba. In gida ne gama-gari kuma takardunsa a fili suke, notari na iya wadatarwa. In akwai gado, ko kamfani ne ke sayarwa, ko ginin bai ƙare ba, kana bukatar wanda naka ne kai kaɗai.

Kuma a yi hattara da kwana goman nan. Mutane suna jin labarinsa su zaci ko'ina haka ne. A Ingila da zarar an yi musayar takardun yarjejeniya babu wani lokacin sake tunani, ka janye ka rasa kashi 10 cikin 100 da ka ajiye, ana ma iya bin ka diyya a kai. Tambayar farko da za ka yi wa lauya ke nan: a wannan ƙasar, wane sa hannu ne ba a dawowa daga gare shi?

Alhaji Ɗanlami: To ai ga sauƙi, lauya ɗaya ya rubuta wa kowa, a raba kuɗin aikinsa biyu. Ana yi kullum kuma lafiya lau.

Barista Nura: Lafiya lau ne har ranar da bincike ya tono wani abu. A ce lauyan ya gano an ƙara ɗakuna biyu a sama ba da izinin hukumar tsara gari ba. Mai sayarwa yana so a yi shiru, mai saye yana da haƙƙin ya sani. Lauya ɗaya zai bi wa? Shi ya sa ƙa'idojin aikin lauya a wurare da yawa ko dai sun hana, ko sun ce sai da yardar kowa bayan an bayyana masa haɗarin. Mafi muni shi ne lauyan da dillali ya kawo. Alhaji ka yi haƙuri, amma dillali la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, lauyan kirki kuwa wani lokaci aikinsa shi ne ya kashe cinikin.

Alhaji Ɗanlami: Na ji, ban kuma musa ba. Amma ku ma ku riƙa faɗin kuɗin aikinku tun farko a rubuce, da abin da ya ƙunsa. Mutane suna gudun lauya ne don ba su san inda lissafin zai tsaya ba.

Barista Nura: Wannan haƙƙin mai saye ne. Ya nemi a rubuta masa kuɗin aiki daban, kuɗin bincike daban, harajin hatimi da kuɗin rajista daban, ya kuma nemi rahoton binciken a rubuce da sa hannun lauyan. Shawarar baki ba ta da wanda za a kama in ta ɓaci.

Malam Isa: Allah ya saka da alheri. Ina so in ja hankali kan gidan gado, don nan ne aka fi zamewa. Babban ɗa ba shi ne mai gida ba don kawai shi ke riƙe da makulli. Kafin a raba gado kowane magaji yana da rabonsa a cikin kowane taku na gidan, har matan da aka aurar nesa, har jaririn da ke goye. Lauya zai nemi takardar kotu da ta lissafa magada ko ta naɗa mai kula da dukiyar, ya tabbatar kowa ya sa hannu ko ya wakilta a rubuce. Rabon maraya ƙarami kuwa ba a sayar da shi da yardar baki ta kawu, sai ta hannun waliyyinsa na shari'a, galibi da izinin alƙali.

Ga kuma shuf'a, wadda masu saye da yawa ba su taɓa jin ta ba. Idan mutum ya sayi kason ɗaya daga cikin abokan tarayya a gidan da ba a raba ba, sauran suna da haƙƙin su biya shi abin da ya biya su karɓe kason. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya ne kawai ke da wannan, maƙwabci ba shi da shi, Hanafiyya kuwa sun ba maƙwabci ma. Abokin tarayyar da yake nan kuma ya san da cinikin ya yi shiru, Malikiyya sun ce haƙƙinsa yana faɗuwa bayan kamar shekara. Ka ga mai saye zai iya zama wata goma sha ɗaya yana gyara, a zo a ce ga kuɗinka. Inda kotunan Musulunci ke sauraron irin wannan, a karɓi rubutaccen sarayarwa daga abokan tarayya bayan an ƙulla cinikin.

Hajiya Rabi: Allah gafarta Malam, kafin alƙalamin da ake cinyewa in mai saye ya fasa fa? Na ji ana cewa bai halatta ba.

Malam Isa: Shi ne arbun, Hajiya, kuma akwai saɓani. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanafiyya sun hana a sharɗanta cewa in an fasa kuɗin ya zama na mai sayarwa. Hanbaliyya sun halatta. Wanda yake son fita daga saɓanin sai ya bi ta zaɓin sharaɗi: a ƙulla ciniki a kan mai saye yana da zaɓi na kwanaki sanannu, in ya fasa a cikinsu kuɗinsa su dawo cif. Ka ga wannan ya yi daidai da abin da Barista ta faɗa na ba da lokacin bincike.

Barista Hadiza: Daidai Malam. Tunda an zo kan kafin alƙalami, abin da ya fi adadinsa muhimmanci shi ne hannun da zai riƙe shi. In aka rubuta cewa lauya ya karɓa a madadin mai sayarwa, zai iya miƙa masa washegari, in ciniki ya lalace sai bin bashi. In aka rubuta cewa ya riƙe amana tsakanin ɓangarorin biyu, ba zai saki ko kwabo ba sai an kammala ko an warware. Kalmomi kaɗan ne suka raba su, kuma daftarin da ya fito daga ɓangaren mai sayarwa kusan kullum na farkon yake ɗauka.

Sauran wuraren da nake tsayawa a kansu in ina karanta daftari: ranar kammalawa, da abin da zai faru in wani ya makara. Yawancin daftari suna da tara a kan mai saye in ya yi jinkirin biya, amma ba su ce komai ba in mai gida ya ƙi fita. A daidaita. A rubuta cewa za a miƙa gidan babu kowa a ciki, kuma kason ƙarshe na kuɗi ba zai fita ba sai da makulli da asalin takardu a rana ɗaya. A lissafa abin da ke cikin cinikin ɗaya bayan ɗaya, famfon rijiya, tankin ruwa, na'urorin sanyaya ɗaki, allunan sola, don abin da ba a rubuta ba ana wayar gari an kwance shi. A faɗi wanda zai biya tsofaffin bashin wuta da ruwa da harajin ƙasa. Sai layin da ke cewa wannan takarda ita ce dukan yarjejeniya: ma'anarsa duk alkawarin baki, irin su zan gyara rufin kafin ka shiga, ya mutu in bai shiga takarda ba.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: in gobara ta tashi tsakanin sa hannu da karɓar makulli, asarar wa? A tsohuwar ƙa'idar shari'ar Ingila, wadda ƙasashe da yawa suka gada, ta mai saye ce tun daga ranar ƙulla yarjejeniya, zai biya cikakken kuɗi ya karɓi toka. Ko dai a juya wannan a rubuce, ko mai saye ya yi inshora daga ranar.

Usman: Wanda ya zo da takardar wakilci fa, ya ce mai gidan yana ƙasar waje?

Barista Nura: A karanta takardar a ga ko ta ba shi ikon sayarwa da karɓar kuɗi, don wata ta karɓar haya ce kawai. A duba ko an yi mata rajista inda doka ta nemi haka. A yi magana da mai gidan kai tsaye ta bidiyo, yana riƙe da shaidarsa, ta lambar da aka samo ta wata hanya daban, kuma kuɗin su tafi asusun da ke ɗauke da sunansa. Wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da mutuwar wanda ya bayar, saboda haka sai an tabbatar yana raye ranar sa hannu. Ɗaya gefen kuma, kada mai saye ya yarda a ba shi takardar wakilci a matsayin shaidar saye don gudun haraji. Wakilci izini ne na yin aiki da sunan wani, ba ya mayar da mallaka.

Sai izinin hukuma, wanda ya danganta da ƙasa. A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce ba a mayar da haƙƙin mallakar da ke ƙarƙashin gwamna sai da amincewarsa, sashe na 22 ke nan, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba tare da ita ba banza ne. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989. Wasu ƙasashen kuma suna taƙaita wa baƙo sayen ƙasa, ko su ba hukumar gari damar riga kowa saye. Yarjejeniya ta faɗi wa zai nemi izinin, wa zai biya, cikin wata nawa, da makomar kuɗin in an hana. Ta kuma tilasta wa mai sayarwa sa hannu a duk fom ɗin da za a bukata daga baya, don nemo shi bayan ya karɓi kuɗinsa aiki ne.

Safiyo Garba: Gidan da ba a gama ginawa ba kuma, wanda ake saya a kan zane, cinikin biri a sama ne in ba a ɗaure biyan da matakan aiki ba. Kaso a kan tushe, kaso a kan linta, kaso a kan rufi, kuma injiniyan mai saye ne zai shaida an kai matakin kafin kuɗi su fita. A riƙe kamar kashi 5 cikin 100 na wata shida bayan karɓar makulli, har damina ta gwada rufin.

Hajiya Rabi: Ƙari ɗaya kan ranar biya. Lambar asusun da za a tura kuɗin ta kasance a cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu. In saƙo ya shigo ta imel ko WhatsApp cewa an canja asusu, ko da sunan lauyanka ne a kai, kada a tura. A kira shi ta lambar da aka saba, a karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya, a fara tura ɗan kaɗan ya tabbatar ya gani.

Alhaji Ɗanlami: Barista Hadiza, in komai ya tafi daidai, kwana nawa mai saye zai ce wa mai gida ya jira?

Barista Hadiza: Karanta daftari da rubuta gyare-gyare kwana biyu zuwa uku ne. Abin da ke cin lokaci shi ne amsar ofishin rajista da ta ofishin safiyo, wannan kuwa ya danganta da wurin. Ya nemi kwana 21, da sharaɗin ƙarin 14 in jinkirin daga hukuma ne. Kuma a maimaita binciken rajista a ranar biyan ƙarshe ko jajibirinta, don jinginar da aka shigar bayan binciken farko ba za ta fito a tsohon rahoto ba.